Muna Kallon Kaza, Ƙafar Murtala Na Ruɓewa

Assalamu alaikum jama'a, masu mota da masu babur, da ku samarin da ke ɗaura takalmin taya, mai ƙananan tayu a ƙasa, kuna gudu a titi. Sunana Lawali, ɗan kabu-kabu ne ni, mai ɗaukar fasinja a babur, a Illela, tsakanin tasha da bakin iyaka nake neman abincina. Ban iya sassauta magana ba, haka Allah ya yi ni, to wanda na taka ya yi haƙuri. Wata biyar na yi ina jinyar ƙanena Murtala, kuma tun muna barandar asibiti na yi wa kaina alkawari cewa in Allah ya fitar da mu sai na ba da labarin nan yadda yake, har da wurin da laifin nawa ne. Kuma laifina a ciki ba kaɗan ba ne.

Murtala shekararsa goma sha tara, yana koyon gyaran waya a wata rumfa kusa da kasuwa. Takalmin tayan nan a cikin dilar gwanjo ya tsince shi a Konni, cikin Nijar, ya dawo gida yana rungume da shi. Cikin wata biyu ya ƙware, shi da abokansa su biyar. Da farko a gefen titi suke yi, sai suka ga gefen titi ya yi musu kaɗan, suka fara kama bayan motoci. To amma babbar mota ba ta kamuwa da gudun ƙafa. Dole sai mai babur ya ja ka, ya kai ka daidai da ita, sannan ka saki kariyar babur, wato ƙarfen ɗora kaya, ka cafke ƙarfen bayan mota. Su suna ce wa wannan ba da wuta. Baba ya taɓa ganinsu sau ɗaya daga nesa, ya dawo gida ya rantse cewa ranar da ya ji Murtala ya kama mota, ranar zai ƙone takalmin. Abin da Baba bai sani ba shi ne mai ba da wutar a gidansa yake kwana. Ni ne. Ba kuɗi suke ba ni ba. Tafin da 'yan tasha ke yi in mun wuce, shi ne kawai ke faranta mini rai, ni da nake da mata da ɗiya.

Ranar Lahadi ce, kasuwa ta ci ta fara watsewa, bayan la'asar. Wata motar albasa ta ɗauki hanyar Sakkwato, an yi mata lodi har ta rinjaya gefe. Murtala ya ɗaga mini hannu.

“Yaya, ba ni wuta in kama wagga.”

Na ja shi. Ya saki, ya kama, 'yan tasha suka yi sowa. Ba su yi nisa ba suka isa wurin da kwalta ta farfashe ta zama tsakuwa. Direba ya taka birki don ya kauce wa rami. Ƙananan tayun takalmin suka cije a tsakuwa, hannun Murtala kuwa yana riƙe da ƙarfe, jikinsa ya juya ya shiga ciki. Ina kallo da idona tayar baya ta bi ta kan ƙafarsa ta hagu. Motar ta wuce abinta. Direban nan har yau bai san ya taka mutum ba, kuma ban taɓa ganin laifinsa ba, don ba shi da ido a ƙeya.

Nan muka yi wauta ta farko. Ƙafa ta fara kumbura cikin takalmi, wani mai shayi ya miƙo wuƙa ya ce a yanka. Abokin Murtala ya ce kada a yanka, babu irinsa a kasuwa. Ni da hankalina na riƙe dunduniya na fizge takalmin. Ihun da yaron nan ya yi har yanzu yana kunnena. Ga ƙafa ta karkace, ga wani ɗan rauni gefen idon sawu wanda bai fi kan yatsa ba, jini na tsattsafowa kaɗan-kaɗan.

A cikin keken da ya kai mu gida ya riƙe rigata yana haki. “Yaya, don Allah kada ka gaya ma Baba mota ta. Ka ce lambatu na faɗa.” Na ce to. Ba don shi na ce to ba, don kaina ne.

Washegari da hantsi Baba ya aika aka zo da mai ɗori daga wani ƙauye can wajen Garu. Dattijo ne, gadon abin ya yi, kuma shi ya ɗora hannun Baba tun muna yara. Ina so a ji wannan da kyau, don kada wani ya zagi bawan Allah a kaina. Da ya shafa ƙafar, ya ga yadda fata ta yi shuɗi, sai ya ɗago ya dube ni.

“Yaro, kai ka ɗauko shi. Faɗuwa ta, ko taka shi anka yi? Don in taka shi anka yi, ba ni taɓawa.”

Baba na tsaye a kaina. Murtala na kallona. Na ce wa dattijon, “Faɗuwa ta.”

Sai ya ce a kawo kaza. Inna ta kamo wata jar kazarta. Ya karya mata ƙafar hagu, ya ɗora ta da tsinke da zare, sannan ya juyo kan Murtala. Mu huɗu muka danne shi, dattijo ya ja ƙafa, ya shafa man shanu da wani garin magani, ya jera karare ya ɗaure tamau da tsumma. Ya ce kada kowa ya kwance. A riƙa duba kaza. Ranar da kaza ta taka ƙasa, ƙashin yaro ya kama ke nan.

Makon farko kaza ce ta yi sarauta a gidanmu. Aka kifa mata kwando a inuwar rumbu, Inna na zuba mata tsaki da ruwa mai sanyi. Duk wanda ya zo dubiya sai ya fara leƙa kwando kafin ya shiga ɗaki. Mata su fito suna cewa, “Ah, Inna, ai idonta garau, da sauƙi.” Murtala kuwa yana ciki yana cizon matashi. Rana ta uku zazzaɓi ya rufe shi. Muka sayo ƙwayoyi a kemis, zazzaɓi ya sauka da safe ya dawo da yamma. Ya ce ƙafar kamar ana hura mata wuta, aka ce ai haka ɗori yake, zafi alamar ƙashi na haɗuwa ne. Rana ta biyar ya ce zafin ya ragu a yatsu, aka yi hamdala. Rana ta shida wani wari ya fara tashi a ɗakin. Inna ta ce man shanu ne ya yi tsami, ta kawo kasko ta zuba turaren wuta.

Ni na san ba man shanu ba ne. Ina fita aiki, in ɗauki fasinja in manta inda ya ce in kai shi. In dawo in zauna bakin ƙofa. Kalma ɗaya ce ta gaskiya na kasa fito da ita don tsoron idon Baba. Namiji da gemu!

Rana ta takwas da hantsi na ji guɗa daga tsakar gida. An ɗaga kwando, kaza ta sauke ƙafa, ta yi taku uku tana ɗingishi ta nufi kwanon tsaki. Inna har da hawaye. Baba ya ce a sayo ƙosai a raba sadaka. Ni kuwa na shiga ɗaki na yaye zanen da aka rufa wa Murtala. Ƙudaje suka tashi. Yatsu uku sun yi baƙi ƙirin kamar gawayi, tsumman ɗorin ya jiƙe da ruwa mai ɗoyi. Na mintsini babban yatsa, ya ce ya ji. Na mintsini ƙaramin da ƙarfi har farcena ya shiga.

“Ka ji?”

“Mi?” in ji shi. Bai ma san na taɓa shi ba.

Na samu Baba a zaure bayan azahar, yana jan carbi. Na durƙusa. Na ce, “Baba, ba lambatu ba ne. Mota ta taka shi, motar albasa. Kuma ni na ja shi da babur har ya kama ta.”

Carbin ya tsaya. Ya ɗago ya dube ni.

“Kai ka ja shi?”

“Ni na ja shi.”

“Kuma kana tsaye anka tambaye ka, ka ce faɗuwa ta.”

“E, Baba.”

Wallahi da ya ɗauki sanda ya rufe ni da duka da na fi jin sauƙi. Sai ya ce kawai, “Tashi ka ɗauko mai ɗori.” Na tafi na ɗauko shi a babur. Dattijo ya kwance ɗorin da hannunsa, ya ga abin da ke ciki, ya yi salati. Ya juyo gare ni ya ce, “Yaro, na tambaye ka hwa.” Sannan ya ce wa Baba wannan ya fi ƙarfinsa, a tafi asibiti yanzu-yanzu, kada a jira la'asar.

A asibitin garinmu suka sa masa ruwa, suka yi masa allurai, suka rubuta takarda suka ce Sakkwato. Muka shimfiɗa shi a bayan mota, kansa a cinyata, Baba a gaba. Shingayen hanya da kan tsayar da mu ana tambayar lodi, ranar duk wanda ya leƙo ya shaƙi warin sai ya ja baya ya ce mu wuce, Allah ya ba shi lafiya.

Babban asibiti duniya ce ta daban. Layin kati daban, layin biya daban, layin hoton ƙashi daban, kuma kowane layi sai ka kai gaba a ce ba nan ba ne. Komai kai za ka sayo, har safar hannun da za a taɓa ɗan'uwanka da ita, har auduga. Na yi faɗa da wani mai gadi, na yi faɗa da mai ba da kati, daga baya na gane faɗa ba ya rage layi, na koyi cewa ranka ya daɗe.

Likitan ƙashi da ya gan mu ɗan gajere ne, Bakano, ba ya ɗaga murya. Ya tambaye ni abin da ya faru, na gaya masa duka, har fizge takalmin. Bai zage ni ba. Ya ce tayar ta murƙushe nama da jijiyoyin jini, ƙashi ya huda fata ya koma, datti ya shiga ta ɗan raunin nan da muka raina, mu kuma muka zo muka ɗaure muka hana jini wucewa. Baba ya tambaye shi yaushe ƙashin zai haɗu.

“Alhaji, ka manta da ƙashi tukuna. Ƙashi zai jira mu. Naman nan ne ba zai jira ba.”

Sai ya zaro biro daga aljihu ya ja layi a ƙaurin Murtala, kamar faɗin tafin hannu ƙasa da gwiwa. Ya ce zai wanke, zai cire abin da ya mutu, zai yi iyakar ƙoƙarinsa. Amma in jan nan da kumburi suka haura layin, to zai nemi Baba ya sa hannu a yanke ƙafa, don a ceci rai. Tun daga ranar na daina kallon komai a duniya sai layin biron nan.

Aka ce ana buƙatar jini. Na ba da leda ɗaya, aka ce bai isa ba. Na buga waya tasha, washegari 'yan kabu-kabu huɗu suka zo tun daga Illela suka miƙa hannu, ko ruwa ba su bari na saya musu ba. Aka shiga da shi tiyata. Ya fito babu yatsu uku, da wasu ƙarafa da aka huda ƙashi aka kafa suna tsaye a waje. 'Yan ɗakin karaya suna ce wa abin eriya. Wani tsohon direba da ke gadon kusa ya ce, “Sannu ɗan Illela, yanzu kai ma za ka riƙa kamo tashar Nijar.” Murtala ya yi murmushi, na farko cikin kwana goma.

Mako na biyu da na uku, wankin ciwo ne kullum da safe. Wanda bai ga wankin ciwo ba kada ya ce ya san wahala. In aka turo teburin kayan aiki, tun daga ƙarar tayarsa Murtala zai fara rawar jiki. Ni ke rungume kansa, yana cizon hannun rigata, yana kiran Inna. Ni ke ɗaukar fo, ni ke goge masa jiki, ni ke juya shi don kada bayansa ya yi gyambo. Ranar farko da na sa masa fo ya rufe fuska da zane yana kuka don kunya. Na ce, “Kai, rufa mini baki! Tun kana zawo a goye nake wanke ka, yau za ka yi mini sabon salo?” Cikin malaman asibiti akwai wata nas da in ta zo wanki sai ta fara jiƙa bandejin da ruwa ta jira ya saki, tana yi masa hira. Allah ya saka mata da alheri. Akwai kuma wani da ke fizgewa kamar yana cire bawon rake. Shi ma Allah ya shirye shi, don ni na kasa yi masa addu'ar da ta wuce wannan.

A mako na uku na sayar da babur. Ban yi shawara da kowa ba. Allurar da aka rubuta mai tsada ce, kuma sau uku a rana. Baba duk tsawon lokacin nan ba ya yi mini magana kai tsaye. In yana son abu sai ya ce wa Murtala, “Gaya ma yayanka ya sawo ruwa,” alhali ina tsaye gabansa. Na haɗiye, don na san na ci a yi mini fiye da haka.

Duk safiya kafin likita ya zagayo nakan auna da yatsuna tsakanin jan da layin. Da farko yatsa huɗu. Ya koma uku. A ƙarshen mako na uku saura yatsa ɗaya, zazzaɓi kuma ya dawo, Murtala na sambatu. Likita ya duba. Ya ce ya ɗebi mugunya ya aika a gwada don a san maganin da zai ci ƙwayar cutar, ranar Alhamis zai sake shiga ya wanke. Ya ce Baba ya kasance kusa ranar, ko da za a buƙaci sa hannunsa.

Labari ya kai Illela kafin la'asar, kuma kafin ya kai ya riga ya zama wai an sa ranar yanka ƙafa. Ranar Laraba sai ga Kawu Sani, ƙanen Inna, ɗan canji a bakin iyaka, ya zo da mota har ƙofar ɗaki. Mutum ne mai kirki, kuma ya taimaka mana ƙwarai, amma in ya yanke magana ba ya son a ƙara. Ya ce an gaya masa wani mai magani a cikin Nijar wanda ke tsotse dafi da ganye, ya warkar da waɗanda suka fi wannan. Ya ce likitoci yanka kawai suka sani. Ya riga ya karɓo takardar da ake sa hannu in za a fitar da majiyyaci ba da yardar likita ba.

“Lawali, naɗe tabarmi. Ku ɗauko shi mu tahi tun da rana.”

Na tashi na tsaya tsakaninsa da gadon. Ban taɓa mayar wa Kawu magana ba sai ranar.

“Kawu, ka yi mini aikin gafara. Ba ya zuwa ko'ina.”

“Mi ka ce?”

“Na ce ba ya zuwa. Sau ɗaya anka tambaye ni gaskiya na yi ƙarya, ga abin da ƙaryata ta jawo, yatsu uku. Ba ni ƙara yin shiru. Wanga likita shina gaya muna abin da ya gani, mai daɗi da marar daɗi. In kun ɗauke shi da ƙarafa a ƙashi, da zazzaɓi, kuka bi hanyar nan da shi, gawa za ku kai.”

“Kai da ka jawo abin, kai ka da bakin magana?”

“Ni na jawo, Kawu. Shi ya sa.”

'Yan jinya duk sun bar abin da suke yi. Kawu ya juya ga Baba ya miƙa masa takarda da biro. Baba ya riƙe takardar yana kallon Murtala. Sai Murtala ya buɗe ido, da ƙyar muryarsa ke fita.

“Baba, ku bar ni nan. In ta tsaya, alhamdu lillahi. In ba ta tsaya ba, a yanke. Na gaji da wari.”

Baba ya ninke takardar ya mayar wa Kawu. Ya ce, “Sani, mun gode, Allah ya bar zumunci. Muna nan.” Sannan ya juyo ya dube ni, ni kaina, ya ce, “Lawali, tahi ka ci abinci, tun jiya ban ga ka ci komi ba.” Na fita bayan ɗaki na zauna kan wani bulo na yi kuka mai isata. Kawu ya yi fushi ya tafi, amma bayan kwana biyu ya aiko da saƙo da kwalin madara.

Ranar Alhamis aka shiga da shi tun da safe. Awa huɗu muna zaune a benci, Baba da carbinsa, ni ina kallon ƙofa ina jiran a leƙo a ce ina mahaifinsa. Ba a leƙo ba. Da aka turo shi, abin da na fara dubawa ƙarshen zanen ne. Tudu biyu na gani, ƙafar tana nan. Likita ya ce ya kwashe ruɓaɓɓen nama da yawa da wani guntun ƙashi da ya mutu, kuma sakamakon gwaji ya fito, an canja allura. Kwana uku jan bai motsa ba. Rana ta huɗu na auna, yatsa biyu. Na sake aunawa don kada ya zama idona ne. Na ruga na kamo nas ɗin nan mai kirki na ce ta zo ta gani, ta ce, “Malam Lawali, ka zama likita ke nan, saura mu ba ka farar riga.”

Kada a ɗauka daga nan sai daɗi. Ramin da ya rage a ƙafar sai da aka yanko fata daga cinyarsa aka dasa, kuma sau biyu ana hana shi abinci tun asuba, a kai mu ƙofar tiyata, a dawo da mu a ce babu wuri, sai wani mako. Na biyun har na ɗaga murya, likita ya fito da kansa ya ba ni haƙuri, ya ce wasu 'yan haɗari aka kawo waɗanda ba za su kai gobe ba in ba a shiga da su ba. Na ji kunya na koma na zauna. Murtala ya ce wurin da aka yanko fatar ya fi ƙafar zafi. A mako na goma sha ɗaya aka sallame mu da eriya a ƙafa, muna komawa duk bayan mako biyu. A wata na huɗu aka cire ƙarafan, aka ba shi sanduna, aka haɗa mu da masu gashin ƙashi.

Ga abin da muka tsira da shi. Ƙafa tana nan. Yatsu biyu gare ta, ta ɗan fi ɗayar gajarta, idon sawun kuma ya ƙage, ba ya lanƙwasuwa, kuma likita ya ce haka zai zauna.

To ku samari, ban ce ku jefar da takalmanku ba. Na ga yadda kuke juyi, abin sha'awa ne. Ku nemi fili mai siminti ku yi abinku. Amma mota ba ta san kana bayanta ba, kuma tsakuwa guda ta isa ta tsayar da tayar da ba ta kai ƙwan kaza ba. 'Yan'uwana masu babur, yanzu babur ɗin haya nake ja, kuma duk yaron da ya miƙo hannu zai kama kariyata, tsayawa nake yi cak in sauko. Sun san ni, suna ce mini mai faɗa, ban damu ba. Na bi uku daga cikin abokan Murtala har gidajensu na gaya wa iyayensu, biyu sun daina gaishe ni. Su daina. In kuma tsautsayi ya faɗa, a yanka takalmi, kada a ja. Sannan duk wanda zai taɓa majiyyacinka, mai ɗori ne ko likita, gaya masa gaskiyar abin da ya faru ko da za a tsine maka a gida. Yatsa in ya yi sanyi ko ya canja launi, ko ka ji wari, kada ka jira komai, kada ka duba komai sai ƙafar.

Ina godiya ga likitan nan da ma'aikatansa, da 'yan tashar da suka ba da jini, da matata da ta riƙe gida wata uku ba ta taɓa yi mini ƙorafi ba, da Kawu duk da abin da ya shiga tsakaninmu. Allah ya biya kowa.

Makon jiya Murtala ya ce zai je masallacin unguwa sallar la'asar, karon farko tun ranar. Ya ƙi sanduna biyu, ya ɗauki ɗaya. Tafiyar da ba ta fi minti uku ba muka yi ta cikin minti goma sha biyar. Da yake ba ya iya naɗe ƙafa, na ɗauko masa ɗan benci na ajiye a ƙarshen sahun baya, jikin bango. Da ya cire takalmi sai na ga yana jan ƙafar wando yana rufe yatsun, yana sunkuyar da kai kada yara su gani.

Aka ta da iƙama. Baba shekara talatin yana tsayawa bayan liman, kowa ya san wurinsa, ba mai taka shi. Sai na ga ya waiwayo, ya ratso sahu uku mutane na matsa masa, ya zo har inda muke. Ya dafa kafaɗar Murtala ya ce ya miƙe. Murtala ya miƙe yana dafe da bango.

“Ɗaga wandon,” in ji Baba. “Mun sha wuya kanta, ba ta ɓoyo ba ce.”

Murtala ya ɗaga. Baba ya matso da ƙafarsa ya haɗa da ta Murtala, yatsa da yatsa, yadda ake daidaita sahu. Liman ya yi kabbara, mu uku muka ɗaga hannu.